Amsoshin Tambayoyinku: Alamar ∧ da wejin mai faskare, mene ne haɗinsu?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, na yi sakandare a Maraɗi, yanzu ina shekarar farko a wata jami'a a Najeriya ina karanta injiniyanci. Akwai wata alama da ta hana ni sakat, mai kama da harafin V da aka kifar, wato ∧. A can gida mun san ta a darasin fiziks, ana sa ta tsakanin kibiyoyi biyu. Da na zo nan sai na tarar malamin kwamfuta yana rubuta ta tsakanin p da q, yana cewa ma'anarta "kuma". Na sake cin karo da ita a wani littafin lissafi na Faransanci, an rubuta 12 ∧ 18 = 6. Ga shi abokan karatuna suna kiran ta weji, alhali wejin da na sani shi ne wanda yaran mota ke sa wa taya, an kuma ce za mu yi shi a darasin ƙarfi da motsi. Shin duk abu ɗaya ne, ko ni ne kaina ya kulle? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Kanka lafiyarsa ƙalau. Alamar ce aka ɗora wa ayyuka da yawa, kai kuma ka yi karatu a tsari biyu, na Faransa da na Ingila, shi ya sa ka gan ta a wuraren da abokanka ba su gan ta ba. Wadda malamin kwamfuta ke rubutawa da wadda ka gani tsakanin 12 da 18 dangin juna ne na kusa. Ta tsakanin kibiyoyi kuwa bare ce a cikinsu, kama da wane ba ta wane. Shi kuma wejin ƙarfe ko na katako, abin da ya haɗa shi da alamar siffa ce kawai: masu Ingilishi sun ga ta yi kama da shi, suka ba ta sunansa.

Mu fara da ta ajin kwamfuta, domin ita za ka fi yawan gamuwa da ita.

A ilimin manɗiƙi, ∧ tana haɗa magana biyu cikakku, waɗanda kowacce za a iya ce mata gaskiya ce ko ƙarya ce. A ce p na nufin "ɗalibin ya ci Turanci", q kuma "ɗalibin ya ci Lissafi". To p ∧ q magana ce sabuwa: ya ci Turanci kuma ya ci Lissafi. Hali huɗu ne kaɗai ke yiwuwa. Ya ci duka biyun, ko ya ci Turanci ya faɗi Lissafi, ko ya ci Lissafi ya faɗi Turanci, ko ya faɗi duka. A hali na farko ne kawai p ∧ q ke zama gaskiya, sauran ukun duk ƙarya. Duk wanda ya taɓa neman gurbin karatun injiniyanci a Najeriya ya san zafin wannan doka, domin A1 a Lissafi ba ta rufe F9 a Turanci. Waɗannan layuka huɗu su ne jadawalin gaskiya da za a sa ka zana. In maganganun uku ne layukan su zama 8, in goma ne su kai 1024, amma komai tsawon jadawalin layi ɗaya tak ne ke fitar da gaskiya, wato wanda kowace magana ta tabbata a cikinsa.

Idan za ka karanta ta da Hausa, ka ce "kuma", kada ka ce "da". Hausa ta raba aikin biyu: "da" tana haɗa sunaye, kamar gero da dawa, "kuma" tana haɗa zance da zance. Ita ∧ zance take haɗawa. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga ayyukan biyu, kuma wannan ya taɓa kai ƙasar da kake karatu a cikinta gaban Kotun Ƙoli. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya gindaya wa ɗan takarar shugaban ƙasa sharaɗi biyu: ya fi kowa yawan ƙuri'u, kuma ya sami aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Wancan "kuma" na farko ∧ ce tsantsa, babu mai gardama a kanta. Rigimar zaɓen 2023 a kan "da Abuja" ta tashi. Masu ƙara suka ce sharaɗi ne na uku mai zaman kansa, dole ɗan takara ya kawo kashi 25 a Abuja ita kanta, abin da Bola Tinubu bai samu ba. Ɗaya ɓangaren suka ce jerin sunaye ne, a lissafa Abuja cikin jihohi ta zama ta 37. A ranar 26 ga Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta tsaya a kan fahimta ta biyu. Ban kawo wannan don in tayar da tsohuwar gardamar siyasa ba. Na kawo shi ne don ka ga abin da ya sa masana suka gaji da kalmomi suka koma wa alamomi: da an rubuta sharuɗɗan da ∧ da baka, da kowa ya ƙirga su a kallo ɗaya ya san biyu ne ko uku.

Sai dai alamar tana da irin nata rashin kara. Ba ruwanta da wanne ya riga wanne. "Ta yi aure ta haihu" da "ta haihu ta yi aure" a wurin jama'a sama da ƙasa ne, a wurin ∧ kuwa magana ɗaya ce, tunda p ∧ q daidai take da q ∧ p. Haka nan "amma": in ka ce yaron haziƙi ne amma malalaci ne, manɗiƙi zai zubar da takaicin da ke cikin muryarka, ya riƙe cewa abu biyun sun tabbata, shi ke nan. Maimaitawa ma ba ta ƙara komai, p ∧ p tana nan a p ɗinta. Riƙe waɗannan halaye biyu, na juyawa da na maimaitawa, da kyau, da su za mu gane baren nan gaba.

Inda ɗalibai suka fi zamewa a jarrabawa shi ne wajen kore magana. In aka ce ba gaskiya ba ne ya ci Turanci kuma ya ci Lissafi, da yawa sai su rubuta cewa ya faɗi duka biyun. Ba haka ba ne. Faɗuwa ɗaya ta isa ta rushe maganar, don haka korewar tana nufin ya faɗi Turanci ko ya faɗi Lissafi, ko duka. Wato da an kore ∧ sai ta kife ta koma ∨, alamar "ko". Ana kiran wannan dokar De Morgan, da sunan wani masanin Ingila da ya rasu a 1871, ko da yake malaman manɗiƙi na ƙarnonin baya sun san ta da baki tun kafin a haife shi.

Ilimin kansa tsoho ne, har a ƙasarmu. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wajen ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar ra'ayi da Imam Suyuɗi a kan halaccin koyon manɗiƙi, shi yana kare shi, Suyuɗi yana hanawa. Littafin Sullam na Ahlari, wanda aka rubuta a ƙarni na 16, har yau ana karanta shi a zaurukan malamai. Su da kalmomi suka yi aikinsu. Mai da manɗiƙi lissafi aikin George Boole ne, ɗan wani mai ɗinkin takalma a Ingila wanda ya koyar da kansa, a littattafansa na 1847 da 1854. Shi bai san ∧ ba, da ninkawa yake rubuta "kuma", kamar xy. Russell da Whitehead, a babban littafinsu da ya fara fita a 1910, ɗigo suka sa wa "kuma", suka sa ∨ wa "ko". Hilbert na Jamus ya fi son &. Ita ∧ ana danganta shigarta manɗiƙi ga Arend Heyting, mutumin Holan, a rubutunsa na 1930. Ka ga ashe ba ta ma cika shekara ɗari a wannan aiki ba. Ta samu karɓuwa ne saboda ta yi daidai da ∨ a kife, ga shi kuma sun yi kama da ∩ da ∪ waɗanda Peano na Italiya ya shigo da su a 1888 don mahaɗar rukuni biyu da gamayyarsu.

Dalilin da ya sa malamin kwamfuta ne ke koya maka ita, ba malamin falsafa ba, yana komawa ga Claude Shannon. A 1937, yana ɗan shekara 21 a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa lissafin Boole shi ne lissafin makunnan lantarki. Jera makunni biyu a kan waya ɗaya, ɗaya bayan ɗaya: ƙwan ba zai kama ba sai an kunna na farko kuma an kunna na biyu. Wannan ∧ ce. Raba wayar gida biyu ka sa kowane makunni a reshensa, kowanne ka taɓa wuta ta kawo. Wannan ∨ ce. Na'urar ATM da ke ba ka kuɗi sai katin ya inganta, lambar sirri ta yi daidai, kuma akwai isasshen kuɗi a asusu, haka take tunani. In kun shiga ɗakin gwaji za a iya miƙa maka wani ɗan guntun abu mai lamba 7408, ƙofofin "kuma" guda huɗu ne a cikinsa.

Wani abu da nake so ka tafi da shi ko bayan jarrabawa: duk sharaɗin da aka ƙara da ∧ yana rage yiwuwar abu, ba ya taɓa ƙara ta. A ce shirinka yana buƙatar abu biyar su faru, kowanne yana da yiwuwar kashi 90 cikin ɗari, kuma babu wanda ya dogara da wani. Ninka 0.9 sau biyar, za ka sami kusan 0.59. Abin da kowane yankinsa ke kama da tabbas ya dawo kusa da canki-canka. Zuciyar ɗan Adam ba ta son wannan lissafi, ta fi gaskata labarin da aka cika shi da bayanai, alhali kowane bayani ƙarin wuri ne da labarin zai iya karyewa.

To ina 12 ∧ 18 = 6 ta shigo? Ba wa gaskiya lamba 1, ƙarya kuma 0, ka sake duba jadawalin. 1 ∧ 1 ta ba da 1, 1 ∧ 0 ta ba da 0, 0 ∧ 0 ta ba da 0. A kowane layi ƙaramar lambar ce ke fitowa. Saboda haka masu lissafin yiwuwa suke rubuta a ∧ b suna nufin ƙaramar cikin biyun, har ka ga 3 ∧ 7 = 3 a littattafansu. Littafinka na Faransanci kuwa babbar lambar da ke raba biyun ba saura yake nufi, abin da kuka sani da PGCD a Nijar, abokanka na nan suka sani da HCF. Farfasa su ka gani: 12 ita ce 2 × 2 × 3, 18 kuma 2 × 3 × 3. Lamba 2 ta fito sau biyu a ɗaya, sau ɗaya a ɗayar, sai ka ɗauki ƙaramin. Haka 3. Ka tashi da 2 × 3, wato 6. Da ka ɗauki babban a kowanne, da 36 ka samu, shi ne 12 ∨ 18. Tunanin ɗaya ne a ko'ina: mafi girman abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa. Dedekind ya fara bin diddigin wannan zumunci a ƙarshen ƙarni na 19, Garrett Birkhoff ya tattara shi a littafi a 1940. Gwada halayen nan biyu da na ce ka riƙe: 12 ∧ 12 tana ba da 12, kuma 18 ∧ 12 daidai take da 12 ∧ 18. Gida ɗaya ne.

Yanzu ga baren. Ɗauki gona mai gefe huɗu, kowane gefe yana tafiya daidai da na gabansa ba sa haɗuwa, amma kusurwoyinta a karkace suke. Tsaya a kusurwa ɗaya. Gefe na farko, mu kira shi a, ya tafi mita 30 gabas da mita 10 arewa. Na biyu, b, ya tafi mita 10 gabas da mita 20 arewa. Kowannensu kibiya ce, tana da tsawo tana da inda ta dosa. To a ∧ b ita ce shimfiɗar da kibiyoyin biyu suka buɗe a tsakaninsu, girmanta kuma ana samun sa da ninkawa a gicciye: 30 × 20, a cire 10 × 10, saura 500. Gonar murabba'in mita 500 ce, ba tare da ka auna kusurwa ko ɗaya ba. Yanzu juya su, ka fara da b: 10 × 10, a cire 20 × 30, ya ba da −500. Girman bai canja ba, alamar ragi ta shigo, tana gaya maka cewa wannan karon ka zagaya gonar ta ɗaya hannun. Sannan haɗa a da kanta: 30 × 10, a cire 10 × 30, sifiri. Dole haka, domin kibiya biyu da suka kwanta a layi ɗaya ba su buɗe fili ko na taku ɗaya ba.

Ka ga bambancin ƙiri-ƙiri. A manɗiƙi abu da kansa yana dawo da kansa, a nan yana ba da sifiri. A can juya su ba ya canja komai, a nan yana kifar da alama. Wanda ya ɗauko dokar can ya yi aiki da ita a nan ya faɗi tun layin farko. Wannan lissafin gicciye, in aka bi kusurwoyin fili ɗaya bayan ɗaya ana tarawa sannan a raba biyu, shi ne abin da manhajar 'yan safiyo ke yi idan an ba ta lambobin kusurwoyin fuloti, komai yawan lungunansa.

Mai wannan tunani Hermann Grassmann ne, malamin sakandare a garin Stettin, wanda a lokacin yake ƙasar Jamusawa, yau kuma yana cikin Folan. Ya fitar da littafinsa a 1844, kusan babu wanda ya karanta. Laifin ba na masu karatu kaɗai ba ne, ya cuɗa lissafin da falsafa har manyan masana suka kasa haƙurin bin sa. Ya nemi kujerar koyarwa a jami'a, rahoton da masanin lissafi Kummer ya rubuta a kansa ya toshe masa hanya. Ya sake rubuta littafin a 1862, nan ma shiru. Sai ya karkata ga nazarin harsuna, ya rubuta ƙamus na tsohon harshen Sanskirit na Indiya, kuma a wannan fagen ne jami'ar Tübingen ta ba shi digirin girmamawa a 1876, shekara guda kafin rasuwarsa. Bayan ya kwanta dama ne Élie Cartan na Faransa ya gina babban gini a kan harsashinsa, daga 1899. Shi Grassmann bai ma yi amfani da ∧ ba, a cikin baka yake rubuta nasa.

Abin da kuka yi a Maraɗi ƙanen wannan ne. A duniyarmu mai tsawo da faɗi da tsayi, kowace shimfiɗa tana da layi ɗaya da ya tsaya cak a kanta, don haka ana iya wakiltar ta da kibiya ta uku mai tsawo daidai da girmanta. Gibbs na Amurka ya rubuta wannan da ×, littafin darussansa ya fita a 1901, masu Ingilishi suka bi shi. Burali-Forti da Marcolongo na Italiya suka zaɓi ∧, Faransa ta ɗauka, makarantun Nijar suka gada. Saboda haka u ∧ v ɗinka na gida shi ne u × v na malamanka na nan, ba sai ka sake koyon komai ba. Fifikon tsarin Grassmann shi ne bai tsaya a fuska uku ba. In aka ƙara lokaci ya zama na huɗu, kamar yadda ake yi a fiziks ɗin Einstein, shimfiɗun asali shida ne alhali fuskokin huɗu ne, dabarar kibiya ta uku ta daina aiki. Waɗannan shidan su ne gurbin lambobi uku na ƙarfin lantarki da uku na maganaɗisu.

A garejin bakanike za ka fi ganin amfaninta. Ƙarfin murɗa noti shi ne r ∧ F, inda r take tsawon sifana daga notin zuwa hannunka, F kuma ƙarfin da ka sa. Sifana mai tsawon santimita 25, ka danna ta a gicciye da ƙarfin niyuton 200, ka sami niyuton-mita 50. Tura ta ta tsawonta, kana nufar notin kai tsaye, ko za ka kwana kana yi ba zai motsa ba, saboda kibiyoyin sun kwanta a layi ɗaya, sakamakon sifiri ne. Bakanike da ke zura wa sifana bututu idan noti ya ƙi kwancewa gefe ɗaya na gonar nan yake tsawaitawa.

Saura wejin gaske, wanda ake bugawa da guduma. Shi ba alama ba ne, na'ura ce, wataƙila ma mafi tsufa da ɗan Adam ya ƙera, domin gatarin dutse da aka tono a yammacin tafkin Turkana na Kenya an ƙiyasta ya haura shekara miliyan 1.7. Hiron na Iskandariyya, a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya lissafa shi cikin na'urori biyar da ake motsa nauyi mai yawa da ƙarfi kaɗan. Asalin littafinsa na Girkanci ya ɓace in ban da 'yan gutsattsari, cikakkensa ya iso mana ne ta fassarar Larabci da Ƙusɗa bin Luƙa ya yi a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. Gatari, wuƙa, askar wanzami, allura, ƙusa, bakin garma, har haƙoranka na gaba, duk weji ne.

Aikinsa shi ne karɓar ƙarfin da ya zo ta sama ya watsa shi gefe da gefe, ya kuma ninka shi. A ce tsawon wejin santimita 20 ne, kaurin gindinsa 4. Kafin ya nutse duka ya yi tafiyar santimita 20, icen kuwa santimita 4 kawai ya buɗe. Aikin da ka zuba ba ya ɓacewa, abin da aka rage a tafiya shi ake mayarwa a ƙarfi, don haka kowane gefe yana samun ninki biyar na abin da ka danna. Tsawo a raba da kauri, wannan ita ce amsar da littafi zai fara ba ka.

Kada ka yarda da ita a wajen aji. Ta manta da gogayya tsakanin ƙarfe da ice, kuma a weji gogayya ce ke cin kaso mafi tsoka. Mu ɗauka ma'aunin gogayyar 0.3 ne. Gangaren kowane gefe na wejinmu 2 ne cikin 20, wato 0.1. In ka shigar da su a lissafi, ninki biyar ɗin nan zai sauko zuwa kusan 1.2. Kashi uku cikin huɗu na wahalarka ya tafi a zafi da ƙara. Za ka ce to ina amfaninsa? Amfaninsa yana cikin asarar. Tunda gangaren 0.1 bai kai gogayyar 0.3 ba, icen ba zai iya tofo wejin waje ba komai matsin da ya yi masa. Kowane bugu ya shigar da shi kaɗan, ya tsaya inda ya kai yana riƙe da tsagar, har mai faskare ya ɗaga guduma ya sake saukewa. Ƙarfin kuma daga bugun yake zuwa, domin gudumar da aka tsayar cikin ƙiftawar ido tana sauke abin da hannu ba zai taɓa dannawa ba. Da babu gogayya, da wejin ya yi tsalle ya fito bayan kowane bugu. Ƙa'ida ce a wannan fanni cewa duk na'urar da ke kulle kanta haka tana asarar fiye da rabin aikin da aka sa mata, jak ɗin mota mai zare ma haka yake, shi ya sa motar ba ta saukowa in ka saki hannu.

Da wannan ma'auni na 0.3, duk wejin da kusurwar bakinsa ta gaza digiri 33 ko kusa da haka zai maƙale. Nan za ka gane abin da ya sa siririn gatari ke shiga ice da sauƙi amma ya kafe, a yi ta jijjiga shi kafin ya fito, da abin da ya sa na faskare ya fi kauri. In ka lura da ice yana tsagewa, tsagar tana gudu gaban bakin gatarin, kaifin bai ma taɓa komai ba, kumatun ne ke aikin. Maƙeranmu sun daɗe da cin moriyar maƙalewar nan: wutsiyar gatari da ta fartanya a tsuke ake ƙera ta, a soka ta cikin ƙota, kowane sara yana ƙara zaunar da ita. Injin huda ƙarfe ma haka yake riƙe bakinsa, da wani tsukakken gindi da Stephen Morse ya fito da shi a shekarun 1860, wanda ke raguwa da kusan 1 cikin 20.

Na yaran mota ya ɗan bambanta, shi ba tsaga yake yi ba. Tudu ne ƙarami da aka ajiye wa taya, sai ta hau shi kafin ta wuce, kuma tana fara hawa nauyin motar ke danne shi da ƙasa ya ƙara kama titi. Dutsen da wasu ke tsinta a bakin hanya su cusa ba ya yin wannan aiki yadda ya kamata, yana iya mirginawa ko ya fashe, kuma barin sa a kan kwalta bayan an tashi mugun hali ne da ke jefa masu babur cikin haɗari.

Idan ka sake ganin ∧ a littafin da ba ka saba da shi ba, dubi abin da ke dama da hagunta kafin komai, maganganu ne, lambobi ne, ko kibiyoyi. In har yanzu da shakka, nemi inda marubucin ya haɗa abu da kansa ka ga ko ya dawo ko ya zama sifiri. A takardar jarrabawa kuwa bi alamar malaminka, ka rubuta × ga kibiyoyi muddin kana Najeriya, don mai duba takarda ba lallai ne ya san tsarin Faransa ba.

Sannan ka yi hattara da ɗan ƙaramin ^ da ke saman lamba 6 a allon kwamfuta, shi ma wani ne daban. Don samun ∧ ta gaske a Word, rubuta 2227 ka danna Alt da X tare. A yawancin harsunan rubuta manhaja, irin su C da Java, "kuma" ana rubuta ta da &&. Buɗe Excel ka rubuta =5^3, zai ba ka 125, domin a wurinsa 5 × 5 × 5 ake nufi. Rubuta 5 ^ 3 a Python, zai ba ka 6, domin a can tana nufin ɗaya daga cikin biyu amma ban da duka. Wanda ke yin aikin ∧ a kan waɗannan lambobi shi ne 5 & 3, amsarsa kuma 1 ce. Allah ya ba da sa'ar karatu.